Rawanin Sarkin Barci

Duk wanda ya taɓa kawo mini ɗinki ya san ina da wani hali da ba ya cikin sana'a. In zan auna wuyan riga, sai na zura babban yatsana ta bayan wuyan mutum, na shafa daga gindin kunne har ƙeya, kafin in taɓa almakashi. Wasu su yi dariya su ce cakulkuli nake musu, wasu su ɗaure fuska. Wani dattijo ya taɓa tambayata ko wanzanci na fara koya kafin ɗinki, na ce masa a'a, rigimar tsufa ce kawai. Ƙarya na yi masa. Tun da ƙuruciyata na soma, kuma na san abin da ya sa.

Mu huɗu ne a lokacin, a wani ƙauye tsakanin Makarfi da Gubuchi, zamanin Turawa, shekarun da ake fitar da maza suna sare kurmin bakin rafi saboda ƙudan tsando. Sa'o'in juna ne mu, kaciyarmu ɗaya, aurenmu ma kusan a shekara guda aka yi. Akwai ni, maɗinki. Akwai wanzami, wanda ya gaji aska daga ubansa. Akwai ɗan liman, wanda ya yi karatu daidai gwargwado, sai dai ya fi son a san ya yi. Na huɗunmu mai rake ne, yana da fadama a bakin rafi, yana dafa mazarƙwaila. Kullum in an idar da magariba muna ciyayya a zauren ɗan liman, kowa ya ɗauko akushinsa daga gida, a jera a tsakiya, a ci na wannan a koma na wancan.

Zauren nan mun mai da shi fada. Kowa da sarautarsa, kuma ƙa'idarmu ita ce ba a naɗa mutum sai a kan aibunsa. Wanzami shi ne Sarkin Tsegumi, don duk kan da ya aske sai ya kwaso abin da ke ciki ya kawo mana, har da abin da mai kan bai faɗa ba. Ɗan liman shi ne Alƙalin Miya. Ba ya kai loma baki sai ya shinshina, ya ɗaga ido sama, ya yanke hukunci a kan daddawar da aka zuba, da ɗan Larabcinsa, alhali miyar gidansa ce ta fi ta kowa salam. Ni kuwa Sarkin Baki aka ba ni, ban kuma yi gardama ba, don na san bakina ya fi allurata tsini. Ba mai kiran wani da sunan yanka. Abin ya bi gari, har matanmu in za su aika wa juna saƙo sai su ce a kai gidan Alƙali.

Mai rake kaɗai ya rasa sarauta, kuma abin ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. Mutumin ba shi da inda za a kama shi. Ba rowa, ba ƙarya, ba fushi, ya riga kowa fita gona, ya riga kowa zuwa masallaci. In ka zolaye shi sai ya yi murmushi, ya laluba aljihu ya miƙo maka guntun mazarƙwaila, kai ne ma za ka koma jin kunya. Mun gwada masa Sarkin Shiru, sarautar ba ta zauna ba, don a zauren da muke mu uku shiru ba aibu ba ne, taimako ne. Haka muka yi shekaru muna laluben laifinsa, shi kuwa yana zaune a bakin ƙofa yana yi mana dariya ƙasa-ƙasa.

Wata kaka, bayan an shigar da gero, ya fara gyangyaɗi. Ranar farko ina kallonsa ya yanko loma, ya dangwali miya, hannun ya tashi ya nufi baki, sai ya tsaya a hanya. Idonsa a rufe, miyar kuka tana ɗiga a gwiwarsa. Na ɗaga hannu na tsai da hira, muka zuba masa ido mu uku, har ɗan liman ya ƙirga numfashinsa ya kai wajen ashirin, sannan ya farka ya kai lomar baki kamar ba abin da ya faru. Muka yi dariya har wanzami ya ƙware. Da abin ya maimaitu washegari, da jibi, sai muka dubi juna. Da kunya nake faɗin wannan, amma murna muka yi. Mun samo masa aibu.

Ba wai ba mu san ciwon barci ba. Mun san shi sarai. Akwai rugage da ƙananan ƙauyuka a bakin rafi inda muka sha ganin mutum a yashe a rana, ya rame ya ƙanjame, ƙuda na bin bakinsa bai sani ba, kuma kowa ya san inda irin wannan barcin yake ƙarewa. Amma a wurinmu ciwon waɗancan mutane ne. Namu kuwa yana tafiya da ƙafarsa, yana saran rakensa, yana cin tuwonsa. Ko sau ɗaya ba wanda ya haɗa wannan da wancan, ko kuma in ce ba wanda ya so ya haɗa.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar muka yi naɗi. Na harhaɗa ragowar ƙyallen akoko da ke shagona na ɗinka rawani mai tsawon gaske. Da hannuna na naɗa masa, har da kunnuwa biyu irin na 'ya'yan sarauta, na jawo amawali ya rufe haɓa da wuya ruf. Wanzami ya kifa ƙwarya yana bugawa a madadin tambari, ɗan liman ya yi doguwar addu'a, sannan ya yi masa kirari: Sarkin Barci, ƙanin mutuwa, kowa ya ja da kai sai ya kwanta. Muka kafa dokokin fada. In ya fara gyangyaɗi sai a ce, "Sarki ya shiga gida," kowa ya rage murya. In ya farka sai mu zube mu ce, "Barka da fitowa, ranka ya daɗe." Shi kuma ya ɗaga mana hannu a hankali, yadda muka koya masa.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne bai ƙara rabuwa da rawanin nan ba. Da shi yake zuwa masallaci, da shi yake zuwa kasuwar Makarfi, har fadama da shi yake shiga, ga laka har gwiwa ga kunnuwa biyu a sama. Mutanen gari suka ɗauka, kowa ya gamu da shi sai ya ce ranka ya daɗe. Mu kuwa muka ce lallai sarauta ta yi wa mutumin daɗi, ashe duk shirun nan mulki yake so.

Alamu sun zo mana, kowanne muka mai da shi abin hira. Ɗan liman ya zo da labarin yadda aka sallame sallar azahar aka bar Sarki a sujada, sai da ladan ya taɓa shi. Ni kuma da ya zo ɗinkin rigar salla, ido ba mudu ba ne amma ya san kima, na ga kafaɗun sun zube, na rage ƙyalle ba tare da na auna ba, na ce masa, "Ranka ya daɗe, sarakuna ƙiba suke yi, kai kuwa mulki cin ka yake." Matarsa ma ta taɓa gaya wa matata cewa ba ya runtsawa da dare, sai rana ta fito barci ya danne shi, ga ciwon kai ga susa. Matata ta kawo mini maganar, na ce mata ku mata ba ku rasa abin tsoro.

Ana nan cikin rani sai mai unguwa ya sa aka yi shela: masu duban wuya sun iso, gobe kowa ya hallara a gindin tsamiyar ƙauyen da ke gaba da mu, wanda ya ƙi fita ya kuka da kansa. Yadda suke aikinsu shi ne a jera mutane, malamin asibiti ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana lalubar wuya. Wanda aka ji kaluluwa a wuyansa sai a ware shi gefe, a tsira allura a zuƙo ruwan, Bature ya duba a madubinsa. In an ga ciwon, mutum ya zauna ya yi ta karɓar allura na makonni. Labarai iri-iri suna yawo a kan allurar nan, wai tana taɓa ido, wai tana rage wa namiji ƙarfi.

Zan so in ce tsoron allurar nan ne ya sa muka yi abin da muka yi, don mu kare abokinmu. Na sha gwada gaya wa kaina haka, bai taɓa zama ba. Ba mu ma kawo a ranmu cewa akwai abin da za a samu a wuyansa ba. Abin dariya muke nema, muka ga dama ta samu.

Malamin da ke duba layin maza saurayi ne ɗan birni, da gajeren wando na kaki. Da ganinsa ka ga ɗan gidan tarbiyya, duk dattijon da zai taɓa sai ya ce, "Gafara dai, baba." Bature da dagaci suna can nesa a inuwa wajen tebur, kuma ƙauyuka da yawa aka tara, ba wanda ya san kowa duka. Ni ya fara dubawa, sai wanzami, sai ɗan liman. Da ya zo kan mai rake, wanda na gyara wa naɗi da safen nan har kunnuwan suka tsaya cak, sai na zube ƙasa na dunƙule hannu.

"Hattara dai, zaki," na ce. "A hankali, malam. Hannun talaka ba ya hawa wuyan sarki."

Malam ya tsaya yana dubanmu. Ɗan liman ya matsa kusa da kunnensa, fuska a ɗaure kamar mai karanta wasiyya. "Jinin sarauta ne, malam. Ziyara ya kawo mana. Ba a kwance masa rawani a bainar jama'a."

Saurayin nan ya ja da baya, ya rusuna. "Ranka ya daɗe. A gafarce ni, ban sani ba."

"Gyara kintsi da kyau," in ji wanzami. "Sarki ya amsa."

Mutanen garinmu da ke layi kowa ya sunkuyar da kai, kafaɗu sai rawa suke. A daidai nan na ga hannun mai rake ya tashi. Ya kai shi gefen kunne, inda na soke bakin rawanin, ya fara jawowa. Na ɗauka kunya ce ta kama shi zai ɓata mana wasa. Na miƙe na kama hannun, na mai da shi ƙasa na riƙe, ina cewa, "Sarki ya yafe, malam, wuce abinka." Mai rake ya dube ni. Ban gane komai a kallon nan ba a ranar, ba zan kuma yi ƙarya yanzu in ce na gane ba. Malam ya shafi saman ƙyallen da yatsu biyu don sauke nauyi, ya wuce wurin na gaba.

Tun daga gindin tsamiyar nan muke dariya har gida. Wata guda ba mu da wata hira a zaure, wanzami ya kwaikwayi rusunawar malam, ni in maimaita hattara dai zaki. Masu duban wuya suka gama da waɗanda suka ware, suka naɗe kayansu suka yi gaba.

Damina ta zo ta wuce, Sarki kuwa shiga gida sai ƙaruwa take. Wata rana wanzami ya zolaye shi a kan wani abu da bai kai ya kawo ba, sai mutumin nan ya kai wa akushi duka, miya ta fantsama a bango. Wannan fa mutumin da ko akuyar da ta shiga masa rake lallashinta yake ta fita. Ya zauna yana kallon hannunsa kamar na wani aka ara masa. Sai na yi abin da na iya, na ce, "Sarki ya yi fushi, a nemi gafara." Muka zube muna tuba, aka fashe da dariya, shi ma ya ɗan taya mu. Abu yana gabanmu tsirara, mu kuwa muna yi masa fadanci.

Lokacin matsar rake ya zagayo. Wata rana da hantsi ni da wanzami muka gangara fadama, don mun saba zuwa lasar mazarƙwaila da zafinta kafin a zuba ta a tasoshi. Tun daga nesa na ga dokin da ke juya injin matsa yana tsaye yana kaɗa jela, ba mai kora shi. Sai warin ƙonannen ruwan rake ya buge mu, a bayansa kuma wani warin da na fi kowa sani, warin ƙyalle in ya kama wuta. Mai rake yana zaune a bakin murhu, ya jingina da tulin tukar rake, kansa ya langaɓe. Na buɗe baki ke nan zan ce Sarki ya shiga gida, wallahi har na fara, sai wanzami ya ture ni ya ruga. Jelar rawanin ce ta faɗa cikin garwashi, wuta ta biyo ƙyallen a hankali har kafaɗa, ta cinye riga, tana cin fata. Mutumin yana ƙonewa yana barci.

Muka kashe wutar da hannuwanmu, muka warware rawanin muka jefar. Sai da muka yi ta girgiza shi sannan ya buɗe ido, ya dube mu, ya ce, "A'a, kun zo?" Ni kuwa wuyansa nake kallo. Rabona da ganin wuyan nan ya fi shekara, ni da nake auna wuyan mutanen gari kaf. Ya zama siriri kamar na yaro, ta baya kuma, daga gindin kunne zuwa ƙeya, ga ƙulli-ƙulli a jere a ƙarƙashin fata kamar an cusa gujiya. A kewayensu akwai tsofaffin tabon tsaga, uku-uku, kuma na san hannun da ke tsaga haka.

Na juya wurin wanzami. "Kai, wannan ba shaidar ƙahonka ba ce?"

Ya durƙusa, ya kasa kallona. "Tawa ce. Tun kafin naɗi na ji su wajen aski. Na ce masa mataccen jini ne, na yi masa ƙaho. Ya roƙe ni kada in faɗa, kada Inna, mahaifiyarsa, ta ji hankalinta ya tashi."

"Kai da ba ka taɓa riƙe maganar kowa ba?"

"Ita kaɗai na taɓa riƙewa," in ji shi.

Raina ya ɓaci, na tattaro duk zagin da na iya zan sauke masa, don yana tsaye a gindin tsamiyar nan yana cewa gyara kintsi alhali ya san abin da ke ƙarƙashin amawali. Sai na tuna hannun da ya tashi, da wanda ya mai da shi ƙasa. Na fasa zagin. Da muka kira ɗan liman ya zo ya gani, duk Larabcinsa ya ƙare, salati kawai yake maimaitawa.

Muka tambaya aka ce akwai rumfar da ake allurar ciwon a can gaba da Ikara. Da asuba muka ɗora shi a jaki, ɗaya yana ja, biyu suna tallafe da shi dama da hagu don kada ya faɗo. Da rana ta take muka sauka a gindin wata ɗorawa. Ya sha fura kaɗan, idonsa ya washe, ya dawo kamar mutumin da muka sani. Na kasa haƙuri na tambaye shi abin da ya hana shi gaya mana.

"Na so in nuna wa malamin nan ran nan," ya ce. "Tun daga gida na yi niyya."

"To me ya hana?" Na san amsar, amma na tambaya.

Ya dubi hannuna, ya kau da kai. "Na ga kuna jin daɗi."

Ɗan liman ya ce, "Ai sun yi makonni suna allura a gindin tsamiyar nan. Me ya hana ka komawa kai kaɗai?"

"In na koma ba rawani, ai ya gane wasa aka yi masa. Ya gaya wa Bature, Bature ya gaya wa dagaci, ku uku a kai ku gaban alƙali. Shi ma yaron kirki ne, sai a ce bai iya aikinsa ba."

Can wanzami ya tambaye shi, da muryar da ban san yana da ita ba, me ya sa to bai cire rawanin ba ko a gida.

"Yana rufe wa Inna ido," ya ce. Ya ɗan yi murmushin nan nasa. "Kuma shekara nawa kuna wahalar nema mini sarauta."

Daga nan barci ya ɗauke shi, ba kuwa wanda ya ce Sarki ya shiga gida. Na zauna ina kallonsa. Tun ina yaro nake jin ana cewa baki shi ke yanka wuya, kullum kuma na ɗauka wuyan mai bakin ake nufi.

Washegari muka isa rumfar. Ina ta roƙon Allah kada mu tarar da saurayin nan, shi kuwa muka fara gani a bakin ƙofa. Ya gane mu. Ya miƙe da sauri ya rusuna wa mutumin da ke kan jaki, ya ce, "Ranka ya daɗe," sannan ya lura ba rawani, ya lura da yagaggiyar riga da ƙafafun manomi. Ya sa muka sauke shi a benci, ya sa yatsunsa a wuyan nan ya daɗe yana shafawa, ya ɗaga fatar idonsa, ya yi masa tambayoyin da rabi ya amsa rabi ya yi barci. Da ya ɗauko kati zai rubuta, ya tambayi sunansa. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Sarkin…" Na haɗiye sauran. Ɗan liman ne ya faɗi sunan yankansa, ya kuwa shiga kunnena kamar sunan baƙo.

Malam ya ajiye alƙalami ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Da a wancan zuwan na taɓa wuyan nan, da da sauƙi," ya ce. "Yanzu ciwon ya hau kai. Za mu yi iya yinmu, sauran na Allah ne."

Na ce, "Malam, ba laifinka ba ne. Ya so ya kwance, ni na riƙe hannunsa."

"Na ga lokacin da ka riƙe," in ji shi. "Na ɗauka ladabin fada ne."

Da ya zage ni, ko ya kai ni gaban dagaci, da na fi samun sauƙi. Bai kai ƙarar kowa ba. Ya yi wa abokinmu allura na tsawon makonni, mu kuma muna karɓa-karɓa wajen jinya, wannan ya yi kwanaki ya koma gida wancan ya zo. Allurar ba ta karɓe shi ba. Da aka ga haka aka ce mu mai da shi wurin danginsa. Kafin ruwan farko ya sauka, wata rana da hantsi, ya yi barci aka tashe shi bai tashi ba.

Ranar sadakar bakwai mahaifiyarsa ta aiko a shigo da mu cikin gida. Tsohuwa ce ƙwarai, tun muna yara muke ce mata Inna, ta sha ba mu ɗumame a tsakar gidan nan. Muka tarar da ita zaune a ƙofar ɗakinta, rawanin yana kan cinyarta. Ashe an tsinto mata shi a fadama, ta wanke shi fes, ta ninke, ta mai da wurin da ya ƙone ta ciki. Muka durƙusa muka gaishe ta, muka yi mata gaisuwar rashi, ta amsa a natse.

"Ku matso, 'ya'yan nan," ta ce. "Abokin nan naku tun yana ƙarami mai shiru ne, ba wanda ke kula da shi a taro. Ku kuka fito da shi. Kuka naɗa masa rawani, gari duka ana ce masa ranka ya daɗe, ina daga ɗaki ina ji. Ya gaya mini ko ran da masu duban wuya suka zo, ku kuka tsaya kuka hana a wulaƙanta shi a gaban mutane. Da ya kwanta kuma kuka bar sana'arku kuka ɗauke shi har wata ƙasa. Ni ba ni da abin da zan ba ku."

Ta miƙo mini rawanin, ta ce ai ni na ɗinka, ni ya kamata in ajiye. Na karɓa da hannu biyu. Wanzami ya kifa kai a gwiwa. Sai ta ɗaga tafukanta sama.

"Allah ya bar ku tare. Allah ya ba kowannenku abokan da za su yi masa yadda kuka yi wa nawa."

Muka yi shiru, har ɗan liman da ba a taɓa riga shi amsa addu'a ba. Ta jira, hannuwanta a sama, ta dube mu da idon nan nata da ya fara hazo.

"Ban ji kun ce amin ba."

Muka ce amin.